Darasi na Tara: Haɗa Adireshin Imel na Biyu da Manhajar Ciniki

A darasin da ya gabata mun buɗe manhajar ciniki, mun shigar da sunayen kwastomomi, mun haɗa ta da adireshin imel guda ɗaya. Yau za mu ƙara na biyu. Danne-dannen da aikin ke buƙata ba za su ci minti biyar ba, amma mafi yawan lokacinmu zai tafi ne a kan shawarar da ake yankewa kafin a kai hannu ga kwamfuta, domin a can ake yin ɓarnar da ke da wuyar gyara.

Ku ɗauki misalin kamfanin da ke sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau ta Kano yana turawa waje, zoɓon zuwa Meziko, riɗin zuwa Turkiyya da Japan. Mai kamfanin ya fara harka ne da adireshin Gmail da ya buɗe tun yana yaron wani. Da abin ya bunƙasa sai aka yi masa sabon adireshi mai ɗauke da sunan kamfani a bayan alamar @, aka buga shi a kati da kan takardun ofis, kuma da shi aka haɗa manhaja. Tsoffin kwastomomi kuwa hannunsu ya riga ya saba da tsohon. Ranar Litinin jami'in ciniki ya buɗe shafin wani mai saye na Mersin ta Turkiyya, ya ga rabon da a yi magana da shi wata biyu ke nan, ya ɗauka mutumin ya yi sanyi. Alhali tun ranar Alhamis ya rubuto yana neman farashin kwantena biyu. Saƙon na kwance a tsohon akwati, tsohon akwati na cikin wayar Alhaji mai kamfanin, Alhaji kuma ya tafi Umara.

Irin wannan giɓin ne ake son toshewa da adireshi na biyu.

Yadda manhaja ke gane mai saƙo

Manhajojin nan, waɗanda 'yan harkar ke kira CRM, suna da yawa. Salesforce ta fito daga San Francisco a 1999, HubSpot daga yankin Boston a 2006, Pipedrive daga ƙasar Istoniya a 2010, Zoho kuma kamfanin Indiya ne. Fuskarsu ta bambanta, kuma masu su kan sauya wa maɓallai wuri a kai a kai, shi ya sa ba zan ce ku haddace inda kowane maɓalli yake ba. Aikin da suke yi a ƙarƙashi iri ɗaya ne. Manhaja takan leƙa akwatin da aka ba ta izini, ta duba adireshin wanda ya aiko da na wanda aka aika wa, ta gwada su da adiresoshin da ke cikin kundinta. In ta ga sun dace, sai ta liƙa kwafin saƙon a shafin mutumin. Haka kuma in kun rubuta saƙo daga cikin manhajar, zai fita ta akwatinku, ya bayyana a cikin waɗanda kuka aika, kamar daga wayarku kuka tura shi. Wannan kai-da-kawowar ce muke nufi da daidaita saƙonni.

Ku lura da abu guda: adireshi kawai manhaja ta sani, ba ta san mutum ba. In mai sayen nan na Mersin yana da adireshi biyu, ɗaya na ofis ɗaya na waya, kuka rubuta ɗaya kawai a shafinsa, to duk abin da ya aiko ta ɗayan zai wuce ba a liƙa shi ba, ko kuma manhajar ta buɗe masa sabon shafi a matsayin baƙo. Saboda haka kafin ku zargi haɗin, ku fara duba shafin kwastoman.

Akwati ne, ko inkiya?

Tambaya ta farko ke nan, kuma da yawa daga cikin masu kuka da cewa haɗi ya ƙi, a nan suka yi tuntuɓe.

Adireshin imel iri biyu ne, kodayake a ido ba a bambanta su. Akwai adireshin da ke da akwatinsa na kansa, da kalmar sirrinsa, da wurin ajiyarsa. Akwai kuma wanda suna ne kawai aka ƙara wa akwatin da yake akwai tun da. Wannan na biyu za mu kira shi inkiya, domin haka yake: mutum ɗaya ne, gida ɗaya ne, ko an kira shi da sunan yanka ko da inkiyarsa shi zai amsa. Kamfani zai iya buɗe akwati guda, sannan ya ɗora masa ciniki@ da oda@ da tambaya@, duk wasiƙar da aka aika wa ɗaya daga cikinsu ta faɗa wuri ɗaya. Google Workspace, wato imel ɗin Google na kamfanoni, yana barin a ɗora wa mutum ɗaya inkiya har 30 ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma dalilin da ya sa ƙananan kamfanoni ke son ta ke nan, tunda kowane sabon akwati kuɗin wata ne.

Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne. Ku fita daga imel ɗinku gaba ɗaya, ku yi ƙoƙarin shiga da adireshin na biyu. In yana da kalmar sirri tasa daban, kuma da kuka shiga kun tarar da wasiƙun da babu su a akwatin farko, akwati ne. In ya ƙi shiga, ko ya shigar da ku cikin wasiƙun da kuka riga kuka sani, inkiya ce.

Ita inkiya ba a haɗa ta, tunda babu akwatin da za a leƙa. Saƙonninta suna shigowa manhaja tun ranar da kuka haɗa babban akwati. Abin da ya rage shi ne a gaya wa manhaja cewa wannan sunan ma naku ne, don ta ba ku damar aika saƙo da shi, kuma kada ta ɗauke ku a matsayin kwastoman kanku. Yawanci sai an fara saita inkiyar a cikin imel ɗin kansa, a sashen da ke ba da damar aika wasiƙa da wani suna, sannan manhaja ta gan ta.

Akwai wani tarko da ke kama da inkiya, amma kama da wane ba ta wane. Wasu kan saita tsohon akwati ya riƙa tura duk abin da ya shigo zuwa sabo, su ce ai an gama. Rabin aiki aka yi. Abin da ya shigo zai iso, to amma in Alhaji ya ɗauki waya ya amsa daga tsohon adireshin, amsar tana can, manhaja ba za ta gan ta ba. Jami'in ciniki zai ga tambayar kwastoma ba amsa, ya sake ba da farashi, wataƙila ma wanda ya saɓa da na maigida. Babu abin da ke zubar da girman kamfani a idon mai saye kamar farashi biyu a yini ɗaya.

Na mutum ɗaya ne, ko na kowa?

Tambaya ta biyu gajera ce. In akwatin irin oda@ ne, wanda mutum uku ko huɗu ke buɗewa, kada wani ya haɗa shi da sunansa a matsayin nasa. Yawancin manhajoji suna da wuri daban na akwatin haɗaka. A HubSpot, misali, an raba imel na mutum da imel na rukuni. In aka haɗa akwatin kowa da sunan mutum ɗaya, duk wasiƙar da ta fita za a rubuta ta a ƙoƙarinsa, ranar da ya bar aiki kuma haɗin ya tafi da shi. In kuma kowa ya haɗa shi da nasa sunan, saƙo ɗaya na iya fitowa sau uku a shafin kwastoma.

Ku kuma duba matakin kuɗin da kuke biya. A wasu manhajojin daidaita saƙonni baya cikin mataki mafi araha, a wasu kuma an ƙayyade yawan akwatunan da mutum ɗaya zai haɗa. Tunda galibi da dala ake lissafin kuɗin nan, ya kamata maigida ya sani kafin a danna.

Hanya ta farko: ba da izini

In akwatin na Google ne ko na Microsoft, wannan ce hanyar da za ku bi. Ku shiga saitunan manhaja, ku nemi sashen imel, ku danna maɓallin ƙara akwati, ku zaɓi kamfanin da ke riƙe da imel ɗin. Wata taga za ta buɗe, kuma tagar ba ta manhajar ciniki ba ce, ta Google ce ko ta Microsoft. Ku ɗaga ido ku duba adireshin da ke samanta: na Google zai fara da accounts.google.com, na ofisoshin Microsoft kuma login.microsoftonline.com. In kun ga wani abu daban yana neman kalmar sirrinku, ku rufe.

Hikimar tsarin, wanda ake kira OAuth, ita ce manhajar ba ta taɓa ganin kalmar sirrinku. Ku da Google kuke magana, shi kuma ya ba manhajar wata shaidar izini wadda za ta riƙa nunawa a ƙofa. Kamar ku gaya wa maigadi cewa yaron nan a bar shi ya shiga sito ya ƙirga buhuna, ba tare da kun danƙa wa yaron makullin gidan ba. Duk ranar da kuka ga dama kuna iya janye izinin, kuma ba sai kun sauya kwaɗo ba.

Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Na farko, kwamfutar tana riƙe da akwatin farko a buɗe, tagar ta nuna shi a sama, hannu ya yi saurin dannawa, a ƙare an sake haɗa wanda aka riga aka haɗa. Ku karanta adireshin harafi-harafi, in na biyun baya cikin jerin ku zaɓi shiga da wani asusu. Na biyu, za a aika lambar tabbatarwa zuwa wayar mai akwatin, ko a nemi ya danna amincewa a kanta. In tsohon akwatin Alhaji ne, to a yi aikin Alhaji na zaune da wayarsa a hannu. Kada ku koya wa kowa ɗabi'ar karanto irin wannan lamba ta waya, domin da wannan ɗabi'ar ce 'yan damfara ke shiga akwatin mutane.

Daga nan za a nuno shafin izini, inda aka jera abin da manhajar ke nema: karanta wasiƙu, aikawa da sunanku, wani lokaci har da gogewa, wani lokaci kalanda da jerin sunaye. Ku karanta shi kamar yadda kuke karanta takardar yarjejeniyar haya. A akwatin kamfani kuna iya cin karo da saƙon cewa sai admin ya amince; wannan ba lalacewa ba ce, mai kula da imel ɗin kamfanin ne ya kulle, shi za a nema.

Hanya ta biyu: IMAP da SMTP

Kamfanoni da yawa a ƙasar nan imel ɗinsu yana hannun wanda ya gina musu shafin intanet ne, ba Google ba, ba Microsoft ba. Irin wannan akwatin da hannu ake haɗa shi. Za a nemi cikakken adireshi, da kalmar sirri, da sunan sabar da ke karɓar wasiƙa, da sunan wadda ke aikawa, da lambar ƙofar kowacce. Saba ita ce babbar kwamfutar da wasiƙunku ke zaune a cikinta. IMAP shi ne harshen da ake yi da ita wajen karanta abin da ya shigo, SMTP kuma wajen aikawa. Tsofaffin abubuwa ne: SMTP tun 1982, IMAP kuwa Mark Crispin ya tsara shi a Jami'ar Stanford a 1986, kuma har yau su ake amfani da su.

Lambobin da za ku riƙe uku ne. Ƙofar IMAP mai tsaro 993 ce. Ta SMTP 465 ce ko 587. In kun ga 143 ko 25, tsoffin ƙofofi ne da wasiƙa ke iya bi a buɗe, kada ku zaɓe su matuƙar akwai masu tsaro. Sunan sabar kuwa wanda ya buɗe muku imel zai ba ku. Sau da yawa kalmar mail ce, sai ɗigo, sai sunan kamfaninku. A gurbin sunan mai shiga, ku rubuta adireshin gaba ɗayansa har da abin da ke bayan @. Rabin adireshi na cikin abubuwan da suka fi jawo saƙon “an ƙi”.

In kun gwada wannan hanyar da Gmail ko Yahoo da kalmar sirrinku ta kullum, ba za ta yi ba, kuma ba laifinku ba ne. Google ya rufe wannan ƙofa ga asusun jama'a a ƙarshen watan Mayun 2022, Microsoft ma ya fara rufe tasa ga akwatunan ofis a Oktoban shekarar. Abin da ake yi a Gmail shi ne a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan a ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhaja. Ta Google haruffa 16 ce, sau ɗaya ake nuna ta, a kwafe ta a liƙa a gurbin kalmar sirri. Amma in maɓallin Google na nan, ku bi ta kansa, ku huta.

Wani abu da tsofaffin ofisoshi ya kamata su duba: akwai hanyar karɓar wasiƙa mai suna POP, wadda ta girmi IMAP. Ita kan sauke wasiƙu zuwa kwamfuta ɗaya, kuma in haka aka saita ta, ta share su daga saba. In kwamfutar sakatare na yin haka kowace safiya, manhaja za ta riƙa tarar da akwati wayam. A mayar da kwamfutar kan IMAP, ko a saita ta ta bar kwafi a saba.

Wa zai ga me

Da haɗi ya kama, manhaja za ta yi muku 'yan tambayoyi. Mutane kan danna “ci gaba” ba su karanta ba, alhali nan ne zuciyar darasin.

Za ta tambayi daga yaushe za ta fara kwasowa: daga yau, ko wata uku baya, ko shekara, gwargwadon abin da kowace manhaja ta yarda. Za ta tambayi foldojin da za ta leƙa, duka ko waɗanda kuka zaɓa. Wasu kan tambaya ko su buɗe sabon shafi ga duk baƙon adireshin da suka gani, wanda in kuka amince, kundin kwastomominku zai cika da banki da kamfanin jirgi da masu talla. Wasu kuma suna da zaɓin cewa abin da aka goge a manhaja a goge shi a akwati. Ku bar wannan a kashe sai kun san abin da kuke yi. Babbar tambayar ita ce ta ƙarshe: saƙonnin da aka kwaso, mai akwatin kaɗai zai gani, ko duk ma'aikata?

Na taɓa zama da ma'aikatan wani ƙaramin kamfanin sayar da kayan sola, ina nuna musu wannan aikin. Manajan ya matsa sai an haɗa tsohon Gmail ɗinsa, a kwaso komai, kowa ya gani, don a cewarsa ba shi da abin ɓoyewa. Na nuna masa haɗarin sama-sama, ban tsaya na dage ba, kuma laifina ne. Kashegari wata ma'aikaciya ta buɗe shafin wani dila da ke sayen batura a wurinsu, ta tarar da wasiƙun rabon gado da takardar sakamakon asibiti a tsakanin takardun oda. Dilan nan surukin manajan ne. Manhaja ta ga adireshi ya dace, ta liƙa.

Waɗanda suka tsara manhajojin nan sun ɗauka kwastoma daban, ɗan'uwa daban. A kasuwarmu kuwa surukinka ne dilanka, ƙaninka ne mai kawo maka kaya, abokin ɗaurin aurenka ne ke binka kuɗin buhu ɗari. Don haka shawarata ga duk akwatin da aka taɓa cuɗa harkar gida da ta kasuwa a cikinsa ita ce: ku fara daga yau ko daga 'yan makonnin baya, ku sa shi a kan mai akwati kaɗai ke gani, sannan ku riƙa buɗe wa abokan aiki saƙo ɗaya-ɗaya ko ciniki ɗaya-ɗaya. Ku nemi jerin adiresoshin da aka hana kwasowa, wanda yawancin manhajoji ke da shi, ku zuba na iyali, da na likita, da na lauya, da na banki, ku kuma saka sunan kamfaninku da kansa don kada wasiƙun albashi da na cikin gida su shiga. Ku yi wannan kafin kwasowa ta fara, domin jerin yakan yi aiki ne a kan abin da zai zo, abin da ya riga ya shiga sai an bi shi da hannu.

Wata dabara ita ce a buɗe folda mai suna Kasuwa a cikin akwatin, a ce wa manhaja ita kaɗai za ta leƙa. Duk wasiƙar da mai akwati ya jefa ciki ta shiga, sauran su zauna inda suke.

Akwai kuma doka. Wasiƙun nan suna ɗauke da sunaye da lambobin waya da bayanan asusun wasu mutane, kuma da kun haɗa, kwafinsu zai koma sabobin kamfanin manhajar, galibi a wata ƙasa. Najeriya ta kafa Dokar Kare Bayanai a 2023, da hukumar NDPC mai sa ido a kanta, masu hulɗa da mutanen Tarayyar Turai kuma sun san dokar GDPR da ta fara aiki a 2018. Dukansu sun ginu ne a kan cewa kada a tara bayanan mutum fiye da abin da aikin ke buƙata. Kwaso wasiƙun shekara goma don neman oda biyu ya saɓa wa wannan.

Hanya ta uku, ga mai tsoron buɗe akwati

Ba dole ba ne a haɗa kowane akwati. HubSpot da Pipedrive da Salesforce duk suna ba da wani adireshi na musamman da ake sawa a gurbin BCC, wato kwafin ɓoye. In Alhaji zai rubuta wa kwastoma daga tsohon akwatinsa, sai ya sa wannan adireshi a gurbin, kwafi ya faɗa shafin kwastoman, kwastoman bai gani ba. Wasiƙar da ta shigo kuwa sai an tura ta da hannu zuwa adireshin da manhajar ta tanada. Yawanci sai an fara rajistar adireshin mai aikawa a cikin manhaja, in ba haka ba ta ƙi karɓa.

Raunin hanyar a fili yake: ta dogara da tunawar mutum, mai harka da yawa kuwa yakan manta. Duk da haka, ga akwatin maigida da ya tara sirrin gida na shekaru, ni ita nake zaɓa, tare da a sa wa tsohon akwatin amsa ta atomatik mai sanar da sabon adireshi, har kwastomomi su saba.

Gwaji, da abin da ke tsinke haɗi

Kada ku tashi daga kan kujera sai kun gwada. Ku buɗe wa abokin karatunku shafi kamar kwastoma. Ya aiko da saƙo zuwa adireshin na biyu, ku jira 'yan mintoci, ku duba shafinsa. Ku amsa daga cikin manhaja, ku tabbatar da cewa a gurbin mai aikawa adireshin na biyu ne ya fito, da sa hannun da ya dace da shi. Sannan ku sake amsawa daga waya, ba ta manhaja ba, ku ga ko wannan ma ya shigo. In na shigowa na zuwa amma na fita ba sa zuwa, galibi manhajar ba ta gane foldar da ake ajiye waɗanda aka aika ba ne, sai a nuna mata ita a saituna. In kwastoma ɗaya yana da ciniki biyu a buɗe, manhaja kan rasa wanda za ta liƙa wa saƙon, sai ku zaɓa mata.

Haɗi kan tsinke ba tare da ƙara ba. Mafi yawan dalili shi ne sauya kalmar sirri: a Google, da kun sauya ta, izinin da manhajar ke riƙe da shi ya mutu, kalmomin sirri na manhajoji ma sun mutu, sai an sake haɗawa. Cikar akwati ma na tsayar da komai. Gmail na kyauta gigabait 15 ne, kuma da hotuna da fayiloli ake raba shi, in ya cika wasiƙa ba ta shiga ba ta fita. Ku mayar da shi al'ada, duk ranar Litinin wani ya leƙa sashen imel na manhaja ya ga ko akwatunan biyu suna raye.

Kada kuma ku ɗauki akwati na biyu a matsayin bututun tura talla. Gmail na kyauta yana tsayar da mai aikawa a kusan saƙo 500 a yini, na Workspace a 2,000, kuma tun kafin a kai nan wasiƙunku za su fara faɗawa cikin foldar tarkacen mutane in ana yawan ƙorafi a kansu. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsaurara wa masu aika wasiƙu da yawa, suna neman shaidun da ake kira SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke tabbatar da cewa wasiƙar daga mai sunan ta fito. Wannan aikin mai kula da sunan kamfaninku na intanet ne, za mu zo kansa a darasi na gaba.

Ranar da ma'aikaci zai bar aiki, ko aka daina amfani da akwatin, wuri biyu ake cirewa: a cikin manhaja, sannan a shafin tsaro na asusun imel ɗin, inda aka jera manhajojin da aka ba izini. Kafin ku cire, ku binciki abin da manhajarku ke yi da saƙonnin da ta riga ta kwaso, domin wasu na barin su a shafin kwastoma, wasu na tafiya da su.

Aikin aji da na gida

Ku rubuta duk adiresoshin imel da ake amfani da su a wurin aikinku ko shagonku. A gaban kowanne ku nuna ko akwati ne ko inkiya, bayan kun yi gwajin da muka bayyana, da adadin mutanen da ke buɗe shi.

Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama kwastoma. Ku haɗa sabon akwatin gwaji, ba na gidanku ba, ku yi gwaje-gwaje ukun nan, ku rubuta mintocin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya bayyana.

Ku koma kan kamfanin riɗi da zoɓon da muka fara da shi. Alhaji ya dawo daga Umara, ya ce a haɗa tsohon akwatinsa yau-yau, kuma uku daga cikin manyan masu kawo masa kaya 'yan'uwan matarsa ne. A cikin shafi ɗaya ku rubuta hanyar da za ku zaɓa, da ranar da za a fara kwasowa, da wanda zai gani, da kalmomin da za ku yi masa bayani da su a gaban ma'aikatansa.